Tukwane Bakwai na Bayan Ɗakin Kaka

Tun ina saurayi ba na iya ganin abu a yashe in wuce. Mutanen Magarya har tsiya suke mini, wai kaza ce ta haife ni, don ba jujin da ban tona ba. Su yi ta yi! Wannan halin ne ya sama mini aikin garka a gidan kumandan zamanin Faransa, kuma a lokacin mai aiki a bariki ba a sa shi cikin masu aikin dole. Sa'o'ina ana kwasarsu a kai su gyaran hanya wata da watanni, waɗansu kuwa su tsallake iyaka su shige ƙasar Ingilishi, sai dai labari. Ni kullum a gida nake kwana, ga matata, ga kakata wadda ta rene ni tun rasuwar iyayena.

Garkar nan, wallahi da shara na gina ta. Kwalaben da Nasara suka shanye, in kafa su a kife su zama iyakar fangali. Gwangwanin kifi, kuku na jefarwa ina cafewa, in huda gindinsa in shuka iri a ciki. Garwar kananzir in ta huje, in ƙara mata huji da ƙusa ta koma abin ban ruwa. Lokacin kaka na yi za ka ga ɓawon gyaɗa tsibi-tsibi a bakin kasuwa ana cinna masa wuta, ni kuwa zuciyata ta yi ta ƙuna, in koro jaki in kwashe in shimfiɗa a gindin shuka. Ko ruwan wankan madam, matar kumandan, ban bar shi ya tafi a banza ba, kwata na yi masa har gindin lemo. Limamin unguwarmu ya taɓa tare ni kan kwalaben nan, wai na san abin da aka zuba a cikinsu? Na ce, "Allah gafarta malam, ai shi ya sa na kife su." Ina kewar garkar nan ƙwarai, musamman ƙamshin jiƙaƙƙen taki da sassafe.

Ana nan aka kawo sabon kumandan, wani siriri mai jan wuya. Ya zo da 'ya'yan dogon yaro cikin mota, ya ce a dasa su jere daga ƙofar bariki har kasuwa. To damina ta riga ta wuce. Wane mai hankali ke dashe bayan damina? Na faɗa wa tafinta, shi kuwa bai ko juya maganata ba. Abin da ya juyo mini kawai shi ne, "Ya ce in suka mutu, ka san inda sa'o'inka suke."

Na dasa. Da sanyi abin ya zo da sauƙi. Bazara na kamawa na gane kurena. Ƙasarmu rairayi ce, ka zuba garwa guda, kafin ka ɗago ta shanye tana jiran wata. Daga rijiya zuwa hanya ni da jakina muka yi ta safa har kafaɗata ta saɓule, ganye kuwa sai ƙara langaɓewa yake.

Dabarar a tsakar gidanmu na tsince ta. Randarmu ta shan ruwa tana da 'yar tsaga a gindi, sai na lura duk gidan ya bushe ƙayau amma ƙarƙashinta ciyawa ce kore shar. Na samo tsagaggen tulu na binne shi har wuya kusa da wata shuka, na cika shi, na rufe bakin da sakaina, na barbaɗa ɓawon gyaɗa a kewaye. Kwana uku tulun na tsatsafar da ruwa a hankali, shukar nan ta miƙe. Daga nan na shiga gari gida-gida ina roƙon tukunyar da ta tsage. Mata suka yi ta dariya, wai maigarka ya zautu. Na kora jaki har garin Kwaya, na je Sassumbrum ran kasuwa, duk abin da magina suka ware za su zubar na ɗaure cikin kara na kawo. Sabuwa kuwa ba ta da amfani gare ni, don in ka binne sabuwar tukunya a bakin hanya wani ne zai tone ta ya kai wa matarsa.

Daga wajen kasuwa na faro, don su ne nesa da rijiya, su suka fi jigata. Da na iso ƙofar bariki saura tara, tukwane suka ƙare ƙaf. Kuma taran nan su kumandan ke fara gani kullum in ya fito.

Akwai dai sauran tukwane a Magarya, na kuwa san inda suke. Kakata maginiya ce, mutuniyar Guci, duk yankin an san bakin tukunyarta. Da hannunta ya soma rawa ta yi gashinta na ƙarshe, manyan tukwane bakwai suka fito da tsaga. Ba ta zubar ba. Ta kife su a bayan ɗakinta, ta ce da su za a rufe mata kabari. Ka san a wajenmu in an sa mamaci a ƙaramin rami, ana jera itace ko fasassun tukwane a kai kafin a mayar da ƙasa. Ita ta tsani itace, wai gara ke cinye shi ƙasa ta rufto wa mutum. Likkafaninta na cikin lefe, tukwanenta na bayan ɗaki, ta gama shirinta tsaf.

Na same ta tana kaɗi a inuwa, na durƙusa. "Amaryata, barka da hutawa."

"Mijin banza, mai zuwa hannu rabbana. Me ka zo ci?"

Na kwashe duka na faɗa mata. Ta ajiye mazari ta dube ni. "Yau na ga ta kaina! Juji ya ƙare maka, ka dawo kan kabarina? Itacen Nasara ne zai sha ruwa a tukwanena?"

"Kaka, in Allah ya hore sai in sayo miki waɗansu."

"Na wa? In kwanta ƙarƙashin tukunyar wata ƙazama? Tashi ka ba ni wuri."

Na tashi rai a ɓace, har na yi guna-guni cewa mataccen bai san abin da aka rufe shi da shi ba. Ta ji, na kuwa ji kunyar maganar nan har yau.

Kwana huɗu ina ɗibar ruwa ina zuba wa taran nan, rairayi na shanyewa. Biyu suka bushe ƙurmus. Tafinta ya zo ya tsaya a kansu ya kaɗa kai. Ran nan na ce wa matata ta wanke mini riguna ta ɗaure, gara in tsallaka iyaka wajen dangin babana da a tisa ƙeyata aikin hanya. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Kaka fa?" Tsohuwar da ko ƙofar gida ba ta kaiwa sai da sanda, ina za ta iya tafiyar ƙasa?

Washegari na dawo daga masallaci, sai ga tukwane bakwai a tsakar gida. Ita kaɗai ta mirgino su ɗaya bayan ɗaya, ga sawunsu a ƙasa. Tana zaune bakin ɗaki tana haki, zanenta duk ƙura.

"Kwashe kafin in sake shawara," in ji ta. "In ka tafi, wa zai jera mini su? Maƙwabta?"

Na buɗe baki zan yi godiya, kuka ya zo mini, ƙato da ni. Ta ce, "Kauce mini, ragon miji."

Na binne tukwanen a gindin itatuwa bakwai da suka rage, suka rayu har ruwa ya sauka. Kumandan ya wuce su a mota bai ce uffan ba, ni ma abin da nake so ke nan. Bayan damina biyu na ɗauki fartanya na je in tono mata kayanta, don itatuwan sun kama ƙasa. Ina! Saiwoyi sun shiga ta tsagar sun naɗe tukwanen sun murƙushe su, ba abin da za ka ciro sai ka kashe itacen. Na dawo na faɗa mata kaina a sunkuye. Ta ce, "Itacen nan, ɗaci gare shi?" Na ce kamar maɗaci. "Gara na cinsa?" Na ce ban taɓa gani ba. Ta ce to, ta ci gaba da kaɗinta.

Ta ƙara shekaru a duniya, har aka daina aikin dole, har na bar bariki na kafa garkar kaina ina sayar da dashe cikin gwangwani. Ranar da ta cika, da hantsi ne. Ana wanka, masu haƙa suka aiko tambaya, itace za a nemo ko tukwane? Na ce su dakata. Na saɓi gatari na nufi ƙofar bariki, ban nemi iznin kowa ba, mai gadi ma da ya ga fuskata sai ya ba ni hanya. Kowane ɗaya cikin bakwai ɗin na sare masa reshe mai kauri, na daddatsa daidai faɗin rami. Ganyen ma ban bari a ƙasa ba, da shi muka toshe tsakanin itatuwan.

Da hannuna na jera su. Da na ɗora na ƙarshe na sunkuya yadda ba mai ji, na ce, "Amaryata, ga tukwanenki na maido." Sannan na matsa, aka fara tura ƙasa.