Matsattsaku a hancin karsanar abokina

Shekarun baya, ina aji biyar a sakandare, na yi wani aboki Bafulatani da rugarsu ke bayan fadamar ƙauyenmu, ta wajen Nasarawan Doya. Shi yana kirana Kaɗo, ni ina kiransa Agwai, kuma ba a taɓa jin kanmu ba. In na taso makaranta sai in saro rake a gonar babanmu in kai masa, shi kuma ya ajiye mini kindirmo. Mun daɗe muna wannan ciniki, kowa yana ganin shi ne ya cuci ɗan'uwansa.

A duk garkensu abu ɗaya ne nasa na kansa, wata jar karsana da kakansa ya ba shi. Yadda yake sosa mata wuya yana yi mata magana da Fulatanci, har nakan ce masa ya kai sadaki kawai a huta.

Wata shekara da rani, baffansa, wato mahaifinsa, ya yi kudu da manyan shanu neman ciyawa, ya bar shi da innarsa da 'yan ƙananan dabbobi. Ana nan sai karsanar ta fara zubar da jini ta hanci ɗaya. Ba da yawa ba, ɗis-ɗis, amma ba ya tsayawa. Muka zauna muka yi shawara irin ta manyan likitoci, muka yanke cewa haɓo ne, zafin rana ya jawo. Maganin haɓo kuwa kowa ya sani, ruwan sanyi. Muka dinga kwara mata ruwa a ka, muna jiƙa mata hanci, muna ajiye mata ƙwarya cike a gaba ko da yaushe. Ita kuwa sai ramewa take, tana atishawa tana kaɗa kai.

Rannan kawunsa ya zo daga gari, ya zagaye ta sau ɗaya ya ce, "Ranar kasuwar Makarfi a kai wa mahauta tun tana da nama. Gara a yanka da a yi mushe."

Abokina ba ya musu da manya. Amma ranar raken da na kai masa ko ɓarewa bai yi ba.

Da na koma gida mahaifiyata ta ga jini a hannun rigata ta makaranta, ta ɗauka faɗa na yi. Na ba ta labari. Ita mutuniyar wajen Kudan ce, a bakin rafi ta tashi. Ta ajiye muciya ta ce, "Jinin yana daskarewa?"

Na ce, "A'a, Inna, tsararo ne kamar ruwa."

"Kuma kuna ta ba ta ruwa?"

"Safe da yamma, har wanka muke mata."

Ta yi dariya har da riƙe haɓa. "To ai kun yi wa baƙo shimfiɗa. Matsattsaku ne. Yana siriri kamar zare ya shige hancinta wajen shan ruwa. Ku kuma kun hana wurin bushewa, me zai fito ya yi? Jeka ka ce wa ɗana ya hana ta ruwa daga yanzu har gobe da azahar. Ina nan zuwa."

Wannan hanin ya fi komai yi wa abokina wuya. Karsana tana kuka tana jan igiya, shi ya juya mata baya yana zane a ƙasa da sandarsa. Ya ce mini, "Kaɗo, in ta mutu da ƙishirwa a hannuna fa?" Sai na ce Innarmu ba ta faɗin abin da ba ta sani ba. A raina kuwa ni ma tsoro ne fal.

Washegari rana na tsaka mahaifiyata ta iso da tsumma da ɗan gishiri a ƙulle. Bayan doguwar gaisuwa da innarsa, ta sa abokina ya riƙe ƙahon, ni na tallabi ƙwaryar ruwa daidai hancin, yadda za ta taɓa amma ba za ta sha ba. Can sai ga wani baƙin abu ya leƙo yana lalube, yana miƙewa yana komawa. Na kai hannu, mahaifiyata ta buge shi.

"Kar ka ja. Baki biyu gare shi, gaba da baya, kuma santsi ne da shi. In ka fizga ya koma, sai wani jiƙon."

Ta jira ya miƙo sosai, ta cafke shi da tsumma, ta ɗiga masa ruwan gishiri kaɗan. Ya saki da kansa. Abin da ya shiga kamar zare ya fito ya kai babban yatsa kauri, jikinsa zobe-zobe, yana murɗewa a cikin tsumman.

Nan fa ilimina ya motsa, tunda aiki ya ƙare. Na shiga yi musu bayanin abin da aka koya mana a aji, cewa dangin tana ne, haƙoransa jere uku ne masu kama da zarto, kuma yawunsa ne ke hana jini daskarewa. Abokina ya ce, "Duk ka san wannan, Kaɗo, ka sa muka yi ta yi masa wanka?" Ya saki ƙahon, karsana ta kifa kai a ƙwarya ta shanye tas. Ranar na fara ganin hawaye a idonsa, yana dariya yana gogewa da hula.

Ta warke, ba a kai ta kasuwa ba. Mu kuma muka jefa matsattsakun a kwalba da ruwa, muka ajiye don mu nuna wa baffansa. Abin mamaki, har ruwan sama ya sauka yana nan da ransa, bai ci komai ba.

Da baffa ya dawo muka kai masa kwalbar muna rige-rigen ba da labari. Ya ɗaga ta ya duba, bai yi dariya ba. Ya tambayi ɗansa, "A ina take shan ruwa?"

"Kududdufin bayan rake, Baffa."

"Rafin fa?"

"An shuka burtalin. Babu hanya."

Gaskiya ne. A shekarar masu noman rani sun cinye hanyar shanu har bakin rafi, kuma ɗaya daga cikin sababbin gonakin ta babanmu ce. Baffa bai ɗaga murya ba. Ya zo gidanmu da ƙwaryar man shanu, ya yi wa mahaifiyata godiya mai yawa, ya gaisa da babanmu kamar kullum. Kafin kaka suka ɗaure kaya suka tashi. Na raka su har bakin titi, abokina yana gaba da karsanarsa, ya ɗaga mini sanda sau ɗaya bai sake waiwayowa ba.

Na daɗe ina cewa da mun zubar da kwalbar nan. Da na girma na gane ko babu ita za su tashi, ita dai ta sa baffa ya ga abin da idonsa. Ban ga laifin babanmu ba, yana da bakunan ciyarwa, ban kuma ga laifin baffa ba. Kewa ce kawai ba ta tambayar mai laifi. Na yi abokai da yawa a Zariya inda nake aiki yanzu, amma babu wanda zan zauna da shi yini guda ba mu yi wata magana ba, in tashi ina jin mun sha hira.

Bara na haɗu da wani dillalin shanu a kasuwar Makarfi, ya ce ya taɓa ganin abokin nan nawa can kudu, har da 'ya'ya, kuma rabin garkensa jinin wata jar saniya ne. Lambar waya bai karɓa ba, ya kuma ji sun sake tashi. Har na buɗe baki zan tambaye shi ko abokina ya yi cigiyata, sai na fasa. Na fi son in ci gaba da zaton ya yi.