Gwaibar Inna Hajo

Gidanmu na haya a Sabon Gari ba shi da shugaba. Mai gidan ya rasu, magadansa suna Legas, mu kuwa ba wanda zai yarda a yi masa sarauta a kan banɗaki ɗaya. In magana ta taso, sai a dafa rogo a ajiye cikin faranti a tsakar gida. Wanda ya yarda ya ɗora hannu a bakin farantin. Ba mai kai loma baki sai hannun kowa ya hau.

Hannun da kan zo a ƙarshe na Inna Hajo ne, mai sayar da ƙuli-ƙuli a ƙofar gida. Daga Fagge aka kawo ta gidan tana amarya, a nan kuma ta yi takaba. Taurin kai kam, Allah ya hore mata. Mun sha cin rogo da sanyi saboda ita, amma ba mai son ya wayi gari bai ji mitarta ba.

Bana ruwa ya yi wuya, aka kawo shawarar kafa tanki. Filin da ya rage shi ne gindin gwaibar da mijinta Salmanu ya shuka. Ke nan sai an sare ta.

Hannaye suka hau faranti. Inna Hajo ta naɗe nata cikin mayafi. A al'adar gidan ba a roƙo. Rogo ya huce. Ta dubi bishiyar, ta dubi Obiageli, maƙwabciyarta mai suyar ƙosai, wadda kullum ke jido ruwa daga layin baya da ciwon gwiwarta. Wallahi tausayin Inna Hajo ya kama ni.

"To, a sare," in ji ta. Ta miƙo hannu.

Kafin ya sauka, Obiageli ta janye nata.

"Ni kuma na fasa, Inna. A rushe rumfar suyata a kafa tankin can. Sai in dawo gindin gwaiba da kaskona."

"Hayaƙinki ya ɓata min 'ya'yanta?"

"Sai ki riƙa haɗawa da ƙosai."

Tsakar gida ta kaure da dariya. Aka sake sabon zagaye, kuma tun da nake a gidan, ranar ce kaɗai na ga hannun Inna Hajo ya riga na kowa hawa faranti.