Muryar Ok-bun a Bakina

Duk wanda ya ce muryata ta taɓa sa shi kuka a gidan sinima, ƙarya yake yi, ko da shi kansa bai sani ba. Fuskar tawa ce, hawayen ma nawa ne, amma muryar ta Gil Ok-bun ce. Shekara goma sha huɗu tana magana ta bakina.

Sunan da uwata ta raɗa mini Mal-sun, kuma a kasuwar kifi ta Busan na girma. Wani darakta ya gan ni ina fafe cikin kifi, ya ce wannan fuskar ba ta kasuwa ba ce. Ina shekara goma sha tara ya kai ni Seoul, kamfaninsu ya sa mini suna Seol Ae-ran. Komai lafiya lau, sai da na buɗe baki. Mu mutanen Busan harshenmu ba ya raba kalmar shinkafa da kalmar tsoka, ssal da sal duk ɗaya muke furtawa. A fim ɗina na farko aka ce in durƙusa in ce, "Baba, babu shinkafa a gidan nan." Na durƙusa da kumatuna ɓul-ɓul na ce babu tsoka a gidan. Mai riƙe fitila sai da ya zauna a ƙasa don dariya.

Darakta ya yar da sigarinsa ya ce, "Ke dai ki riƙa motsa leɓe. Ku kira mini Ok-bun."

A lokacin ana ɗaukar hoton fim daban, daga baya a shiga ɗakin murya a ɗora maganar. Can na fara ganinta: gajeriya, da tabarau mai kauri, da tabon ƙyanda a kunci, wuyanta naɗe da gyale a tsakiyar zafi. Ta tambaye ni shekarar haihuwata, na faɗa.

"Na girme ki da shekara uku. Ni yayarki ce, don haka Yaya za ki riƙa ce mini. Kuma ki daina tauna leɓe idan kina kuka, ban san inda zan sa numfashi ba, 'yar kifi."

Wallahi na ji haushi. Amma da aka kunna hoton ta fara magana, sai na ga wata mace mai hankali da ladabi a jikin bango sanye da fuskata.

Ok-bun 'yar wani ƙauye ce a duwatsun Gangwon. Yaƙi ya ci ubanta, uwarta na noman dankali. Ta zo Seoul aikatau tana shekara goma sha biyu, ta kwashe harshen matan gidan da take wa aiki tas, daga nan ta samu aikin haɗa masu kira a ofishin tarho, inda wani ɗan fim ya ji muryarta ya nemo ta. Ba ta cin barkono, ba ta shan ruwan sanyi, kullum kafin aiki sai ta fasa ɗanyen ƙwai ta shanye. Ba ta yi aure ba. Ta ce wane namiji ne zai zauna da matar da ke mutuwa sau biyu a mako, da muryoyi daban-daban.

Abu ɗaya ne ke cin ranta. A ƙauyensu ana cewa yarinyar da ta ce tana aikin fim amma ba a taɓa ganin fuskarta a takardar tallan fim ba, to kowa ya san irin aikin da take yi a birni. Sunan masu murya kuwa ba a rubuta shi ko'ina. Uwarta na shan habaici a bakin rafi, ba ta da abin nunawa.

A shekara ta biyar aka ce ni na ci kyautar jarumar shekara, kuma za a watsa bikin a rediyo. Ka'idar masu kyautar ita ce sai wadda ta yi magana da bakinta a fim ɗin, kamfani kuwa ya rubuta musu cewa ni na yi. Zan hau dandamali in buɗe wannan bakin nawa, ƙasa duka tana ji?

Ok-bun ce ta rubuta mini jawabin, jimla biyar. Mako uku tana zuwa gidana da safe, ta zaunar da ni gaban madubi.

"Sake. Kina ɗaga ƙarshen magana kamar mai kiran ciniki."

"Yaya, na gaji."

"Ni da nake ɗauke da ke shekara biyar ban gaji ba? Sake!"

Jimla ta biyar ita ce: Ina gode wa yayata Gil Ok-bun ta ɗakin murya, wadda ta koya mini magana. Da na karanta na ɗago, sai ta kau da kai tana gyara gyalenta.

"Babu ƙarya a ciki, kuma ba zai tona asirin kowa ba," in ji ta. "Akwai rediyo a gidan mai garinmu. Na aika wa Inna takarda ta je ta saurara. Sau ɗaya kawai, Mal-sun. Ban taɓa roƙon ki komai ba."

Na kama hannunta na ce ko sau goma ne zan faɗa.

Ranar bikin, da yamma, na hau dandamali. Jimla huɗu suka fita sumul, har na ji wata a sahun gaba tana cewa, ji murya. Sai idona ya faɗa kan 'yan jarida da alƙalumansu. Idan na ambaci ɗakin murya, gobe wani zai je ya tambaya wace ce Ok-bun, ya ji ta yi magana, shi ke nan. Na sunkuya na gaida jama'a, na sauka.

Shekara hamsin ina gaya wa kaina mantuwa ce. Ba mantuwa ba ce. Jimlar na kan harshena, ni na haɗiye ta, kuma da aka yi tafi na ji daɗi.

Washegari na same ta a ɗakin murya tana fasa ƙwanta. Na fara kame-kame, ruɗewa, fitilu, zafi.

"Kin yi ƙoƙari," ta ce. "Ba ki ɗaga ƙarshen magana ba ko sau ɗaya."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Da ta zage ni, da na samu sauƙi. Ta ci gaba da yi mini murya shekara tara, tana kuka a madadina, tana dariya a madadina, amma ba ta sake kirana 'yar kifi ba. Ta koma ce mini Malama Seol, kamar kowa. Ni kuma maimakon in durƙusa, sai na shiga jin haushinta, don ganinta na tuna mini. Har na taɓa ce wa darakta muryarta ta fara tsufa. Ni na faɗi haka, da wannan bakin.

Da aka koma ɗaukar hoto da murya lokaci guda, jarumai da yawa suka faɗi. Ni na tsira, domin na riga na kwaikwayi maganarta har ta zama tawa. Ita aka sallama. Na ji labarin ta koma aikin sanarwa a wata tashar mota, motar Wonju za ta tashi ƙarfe kaza. Sau ɗaya na bi ta tashar, na ji ta a lasifika, na ce wa direbana ya ja mu tafi.

Bara, ina da shekara saba'in da biyar, wani gidan talabijin ya yi hira da ni kan rayuwata. Na ce sai dai a watsa kai tsaye, don kada a yanke komai. Na dubi kyamara na faɗi jimlar nan ta biyar, na ƙara da gaskiyar duka: fim tamanin da ɗaya, muryar Gil Ok-bun ce. Jaridu suka ɗauka, matasa suka yi ta yabona wai ni jaruma ce mai gaskiya. Ku ji fa, har wannan ma ni na ci ribarsa.

Na nemo ta a wani gidan tsofaffi a Chuncheon. Na tafi da kwandon tuffa. Na same ta bakin taga cikin keken guragu, ta ƙanƙance, babu gyale.

"Yaya, ni ce. Kin gani a talabijin?"

"Na gani. Masu kula da mu sun yi ta murna, har sun sa na yi musu kukan fim."

Na durƙusa, gwiwoyina na ƙara, na ce ta yafe mini.

"Tashi, Mal-sun, kada a ce na karya jarumar ƙasa." Ta juya tana kallon waje. "Kin san Inna ta yi wainar shinkafa ranar da kika karɓi kyautar nan? Mu da ba ma ganin shinkafa sai da biki. Ta ɗauka a ka har gidan mai gari, ta tara matan bakin rafin nan duka, ta zaunar da su gaban rediyo. Suka cinye wainar, suka saurara har aka rufe tasha. Wata ta tambaye ta, ko sunan 'yar taki ma an canja mata ne a birni?"

Ta gyara tabaraunta ta ci gaba.

"Ba ta sake tambayata aikina ba har ta rasu. Kuɗin da nake aika mata ma sai ta daina taɓawa."

"Amma yanzu kowa ya sani, Yaya. Ƙasa duka ta ji."

Ta juyo ta dube ni ta cikin tabarau, babu fushi a fuskarta ko kaɗan.

"Ni ina ruwana da ƙasa duka? Mutum ɗaya na ce ki faɗa wa."