Malam Isaka Mai Rediyo da Kunnen da Ban Karya Ba

Malam Isaka mai rediyo ya rasu. Ranar Talata da hantsi, a rumfarsa, a kan bencin da kuka san shi a kai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ku yafe mini, 'yan'uwana na Yendi da Bawku, ko sallama ban yi muku ba. Assalamu alaikum. Ni ne Seidu mai gyaran keke na zangon Salaga, wanda kuka saba gani a bayan Malam riƙe da jakar batir. Sati biyu ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa, domin har yau zuciyata ba ta yarda ba.

Da safiyar ranar, direban motar Yendi ya tsaya a bakin rumfata ya ce 'yata Azara ta sauka lafiya, namiji. Shekara tara da aurenta ba ko ɓari, kuma wannan ne jikana na fari. Na bar keken mutane ƙafa a sama, na sayi goro, na nufi wajen Malam ina gudu kamar ba dattijo ba. Tun daga nesa nake kira, "Malam! Malam Isaka! Na zama kaka!" Sai na ga mutane tsaye cirko-cirko. Rediyon da yake gyarawa tana nan a kan tebur tana ta karanta labarai. Wani ya kama hannuna ya ce, "Baba Seidu, sai haƙuri." Ban san wanda ya karɓi goron daga hannuna ba. Daga baya aka ce mini shi aka raba wa masu haƙa kabari.

Ana gobe zai rasu mun sha koko tare. Bai ce kansa na ciwo ba, bai ce komai ba.

Saboda waɗanda za a karanta wa takardar nan ba su san mu ba, bari in faɗi ko mu su wane ne. Mu ne waɗanda mutanen gari ke kira 'yan wata, don tsokana. Mutane ne masu son labarin abin da bai faru ba tukuna: jirgin da ke zuwa taurari, mutumin ƙarfe mai magana, garin da za a gina bayan jikokinmu sun tsufa. Wasu sun kamu da son abin a gidan bidiyo, wasu a littattafan zane da ake kawowa daga Kumasi, wasu tun ranar da rediyo ta ce mutum ya taka wata. Kowace shekara, bayan Babbar Sallah, mukan taru kwana biyu a ajin wata makaranta, bana Salaga, baɗi Yendi, sannan Bawku. Tica ya karanta littafin Turanci ya ba mu labarinsa da Hausa. Maƙeri ya kawo jirgin da ya ƙera da gwangwanin madara. A yi gardama har a manta da waken da aka dafa.

Malam Isaka ba ya cikin masu gardamar. Shi yana can gefe, ƙarƙashin dalbejiya, da rikodarsa a kan cinya, yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Tambayarsa ba ta canzawa: yaushe ka fara jin irin wannan labari, wa ya ba ka, me ka ji a ranka. In mutum ya ce ai shirme ne, sai ya ce, "Ban tambaye ka ko gaskiya ne ba. Na ce yaya ka ji." In mutum ya yi shiru, sai ya jira, ba ya gaggawa, can ya ce a hankali, "To, daga nan fa?" Da wannan 'yar kalma ya tatsi wani mai sayar da shanu na Bawku labarin birni mai murfin gilashi, inda ake aika wa ruwan sama takarda ya zo ranar da ake so. Da ita ya sa wata nas ta Yendi ta faɗi yadda take mafarkin asibitin da na'ura ke jinya, ta ƙare da kuka, domin ta ce na'ura ba za ta san riƙe hannun mai naƙuda ba.

Shi ya tura ni makarantar yamma ina da shekara hamsin da wani abu. Ya ce, "Seidu, hannuna ya fara rawa, kai kuma ko sunanka ba ka iya rubutawa. Wa zai sa wa kasakasan nan suna?" Na ce na tsufa. Ya ce, "Keken da kake gyarawa ya girme ka, kuma yana tafiya." Shekara uku ina zama a bencin yara, gwiwoyina na taɓa haɓata. Duk sunan da ke jikin kaset a akwatinsa tun daga lokacin, rubutuna ne. Wannan takardar ma da hannun da ya ba ni nake rubuta ta.

Shekarar da faɗa ya rufe hanya, taro bai yiwu ba, Malam bai zauna ba. Da motoci suka fara tafiya, ya ba direbobi kasakasai babu komai a ciki, kowanne da sunan mai shi, ya ce kowa ya ari rikoda ya yi magana ya mayar. Wasu sun dawo da labarin taurari. Wasu sun dawo da sunayen waɗanda suka rasa kawai. Duka ya ajiye.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci, kuma wajibi ne ku ji shi daga bakina.

A saman kowane kaset akwai wasu 'yan roba biyu ƙanana, Malam yana ce musu kunnuwa. In aka karya su, rikoda ba za ta yarda a ɗauki wani abu a kan kaset ɗin ba, maɓallin ba ya dannuwa. Malam yana da ƙa'ida a kan wannan. Muddin mai labari yana da rai, ba ya taɓa kunnen. Yakan ce, "Mai rai yana iya canza magana, a bar masa ƙofa." Ranar da labarin rasuwar mutum ya iso, sai ya ɗauko kaset ɗinsa, ya yi bismilla, ya sa bakin sukudireba ya karya. Na gan shi ya yi wa Mba Alhassan, tsohon sojan nan na Yendi, hawaye na zuba, yana cewa, "Shi ke nan, tsoho, ba mai katse ka kuma." Ni kaɗai na san wannan ƙa'ida a Salaga. Ko Mma Fati, matarsa, ba ta sani ba.

Mun binne shi bayan la'asar. Washegari na hau motar Yendi. Ba zan ɓoye muku ba, da aka ɗora mini yaron nan a hannu, sai da na yi dariya da ƙarfi a tsakar gidan surukaina, ni da na bar kabarin aminina jiya. Kwana uku na yi can. Ko sau ɗaya akwatin bai faɗo mini a rai ba.

Ranar Asabar da azahar na dawo, na shiga gidan rasuwa don in gaida Mma Fati. Tun daga zaure na ji karatun Alƙur'ani na tashi. A tsakar gida na tarar da wan marigayi, Alhaji Sumaila mai dabbobi, wanda ya zo daga Bawku. Ya shimfiɗa tabarma, gabansa rikoda mai cin kaset biyu, ga akwatin Malam a buɗe. Kasakasai kashi biyu: ƙarami a dama, babba a hagu.

Ya ce, "Yawwa, Seidu, gara da ka zo. Kai ka san kayan nan. Waɗannan na hagu sun ƙi, maɓallin ba ya shiga. An ce in an liƙa salatif a ramin da ke samansu za su yarda, na aika a sayo."

Na ce, "Alhaji, me kake yi?"

"Sadaka nake yi wa ƙanena. Karatu nake ɗorawa, ranar addu'ar bakwai a raba wa mutane. Duk wanda ya saurara, lada ya kai masa. Ko so kake ya kwanta a kabari da akwati guda na ƙaryar wata?"

"Alhaji, na dama fa?"

"Sun gama. Goma sha ɗaya. Waɗannan ba su ba ni wahala ba ko kaɗan."

Ba zan ce Alhaji ya yi mugunta ba, Allah shi ne shaida. Ƙanensa yake so. Kuma babu abin da za a ɗora a kan kaset da ya fi abin da ya ɗora. Na durƙusa na yi masa bayanin kunnuwan. Na ce waɗanda suka ƙi, duka matattu ne. Ya dube ni kamar na taɓu. Ya ce, "Seidu, kai ma dattijo da jika kana wannan magana?"

Na sa hannu cikin na hagu na laluba, na ciro ɗaya na miƙa masa. Ya ce ba ya karanta boko. Na karanta masa: Hajiya Memuna, Bawku. Mahaifiyarsu ce, shekara bakwai da rasuwa. Na sa a rikoda.

Muryar tsohuwar ta cika gidan, da 'yar shaƙewar nan tata. Tana cewa ita ba ta yarda wani ya hau wata ba, in da an hau da Bahaushe ya riga kowa kai goro. Sai muryar Malam, "To, Mma, daga nan fa?" Ta ce in dai da gaske ne, a ɗauki Sumaila a kai shi, shi da ba ya zama wuri ɗaya, wataƙila can ya samu kasuwar da za ta ishe shi.

Daga cikin ɗaki na ji Mma Fati ta fashe da kuka. Da kaset ɗin ya tsaya, Alhaji ya ce, "Mayar baya." Sau uku na mayar. Da aka kawo salatif, ya karɓa ya jefa a aljihu, ya ce mini, "Rufe akwatin nan. Kai ne mai shi."

Sai na juya kan goma sha ɗayan. Na karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, ina gode wa Allah, domin duk masu rai ne: nas ta Yendi, tica, maƙeri, mai shanu. Mai rai zai sake faɗi. Har na kai na ƙarshe. Rubutuna ne, na gane shi tun kafin in karanta. Malam Isaka, Salaga.

Bara a Yendi, bayan shekaru ina roƙonsa, ya yarda na riƙe rikodar shi ya yi magana. Shi ke nan kaset ɗaya tak da ya ba da labarin kansa: yadda yana yaro ya haɗa rediyo da waya da reza, da labarin da ya daɗe yana ƙullawa na wani ayarin fatake da suka bar Salaga a jirgi suka nufi tauraron da ba dare. Kunnuwansa na nan lafiya lau. Ranar Talata ya kamata in karya su. Minti ɗaya ne aikin. Na wuce ta gaban akwatin nan da gawarsa a kafaɗata, hankalina yana Yendi.

Na sa shi a rikoda. Karatu ne daga farko, gaba da baya. Amma karatun ya ƙare kafin zaren ya ƙare. Aka ɗan yi shuu, sai ga shi, da dariyarsa: "...sauran sai baɗi a Bawku. Kashe, Seidu, kana cinye mini batir." Iyakar abin da ya rage ke nan.

A nan tsakar gidan na ari sukudireban Malam, na yi bismilla, na karya kunnuwan.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Isaka, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa karatun nan da ya hau kan muryarsa ya zame masa haske. Ka ba Mma Fati haƙuri da ƙarfin zaman takaba, ka raya 'ya'yansa, ka saka wa Alhaji Sumaila da niyyarsa ta alheri. Ni kuma ka yafe mini sakacina. Amin.

Yanzu roƙona gare ku. Ku goman da aka goge, ku dawo ku sake faɗi. Amma labarin fataken nan, babu wanda ya ji shi duka sai ni, kuma kaina na tsoho ne, yana yoyo. Na san ya taɓa ba wasunku guntu-guntu, a mota, a bakin abinci. Duk wanda ya riƙe ko jimla ɗaya, ya zo da ita. Alhaji ya yi alkawarin kawo sababbin kasakasai daga Bawku, na sadaka daban, namu daban.

Ranar addu'ar arba'in za mu zauna a rumfarsa. Ni zan riƙe rikoda, ni zan ce daga nan fa. Azara ta zo gida wanka, tana nan Salaga da yaron. Uban ya ba ni zaɓin suna, kun kuma san wanda na zaɓa. Jiya na sa wa yaron 'yar dariyar nan ta Malam da ta rage, ya buɗe ido ya juya kai wajen rikodar. Ku zo, na Yendi da na Bawku, ku zo da iyalanku. Ku zo ku ga akwatin, ku zo ku ga Isaka ƙarami.