Ranar da Kwamfuta Ta Fara Ƙarasa Mini Magana

Ko na tsufa haƙora sun zube, ba zan manta da ranar da kwamfutata ta fara ƙarasa mini magana ba.

Ina ajin ƙarshe a jami'a nan Keffi, kuma na riga na ƙudurta cewa da na gama zan rabu da rubuta manhaja har abada. Na ɗauka sai mutum ya haddace sunan kowane umarni kafin ya zama gwani. Hadda kuwa nake yi, har da rausaya kai kamar a Islamiyya, gari na wayewa komai ya gudu.

Wata ƙawata 'yar Agwada, wadda muke aikin kammala karatu tare, ta kama ni ina yi, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ke, wa ya ce miki haddacewa ake yi? Edita, wato manhajar da kike rubutu a ciki, shi zai kawo miki sunayen, in dai ya san yadda ake haɗa aikin." Ta nuna mini fayil ɗin gini, mai faɗa wa kwamfuta wane yanki za a haɗa da wane. Daga shi ake fitar da wani ɗan fayil da edita ke karantawa.

Mu kuwa komai a filash muke ba juna. Ta kwafa mini nata ɗan fayil ɗin, na hau keke zuwa Gangaren Tudu bakina har kunne. Ina buɗewa a gida sai jan layin kuskure ko'ina. Na kira ta raina a ɓace: "Na faɗa miki kaina ba na wannan ba ne."

"Buɗe fayil ɗin ki karanta mini," in ji ta.

Sunanta ne a kowane layi. Ashe editana ma'ajiyar kwamfutarta yake ta nema a cikin tawa.

"Goge shi, ki fitar da naki daga fayil ɗin ginin."

Na yi. Jan ya washe. Na buga harafi biyu, sai ga sunayen da na yi ta wahalar haddacewa sun jeru suna jira in zaɓa. Na daka tsalle, na taka rawa ni kaɗai a tsakar ɗaki. Inna ta leƙo da ludayi a hannu tana tambayar lafiya.

"Inna, ƙarasa mini magana take yi!"

"To, kin samu irina ke nan. Haka nake yi wa babanki."

Yau da wannan aikin nake ci. Abin da na koya shi ne, kafin ka yanke wa kanka hukuncin rashin ƙwaƙwalwa, ka fara tambayar wanda ke gefenka yadda yake yi. Saura kaɗan in bar sana'ata saboda haddar da ba wanda ya ɗora mini.