Wasannin Da Na Buga Maka Da Baki

Ranar Laraba, goma sha huɗu ga watan Mayu, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi abinSa. Kana tsaye a gefen filin ƙwallon kwando na ƙungiyarku, usur a wuyanka, ka ɗaga hannu za ka gyara wa wani ɗan wasa tsayuwa, sai ka koma ka zauna a benci, ka ce a ba ka ruwa. Kafin a kawo ruwan ka tafi. Likita ya ce zuciya ce. Shekararka arba'in da ɗaya. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Yaya, ni ce ƙanwarka, wadda ka laƙaba wa suna Rediyo saboda bakina ba ya hutawa. Yau kwana tara ke nan rediyon naka ya yi shiru. Idan na rufe ido nakan gan ka ka sunkuyo ta ƙofar gidanmu, kamar yadda ka saba tun kana ɗan shekara goma sha biyar, ka kwantar da kai gefe don kada ka bugi saman ƙofa, kana dariya tun kafin ka gama sallama.

Mama ce ta sa maka Tsani, domin duk abin da ya yi mata nisa a saman kwaba kai take kira. Sunan ya bi ka har bayan rigar wasa. A layinmu babu gidan da ba ka sa wa ƙwan fitila ba, kuma ba ka taɓa yarda mutum ya ɗaga kai yana yi maka magana ba. Ko tsohuwa ce, ko mai shara, sai ka durƙusa ko ka nemi dakali ka zauna, idonku ya daidaita, sannan ka ce, "To, ina ji." Ranar da muka yi rashinka, matar da ke wanke wa ƙungiyarku riguna ta zo ta zauna kusa da ni. Ta ce shekara tara kana riga kowa zuwa ranar wanki, don ka ɗaure mata igiyar shanya a inda hannunta zai kai, kuma ba ka taɓa bari ta gode ba. Ban san da wannan ba sai a ranar.

A filin siminti na bayan makarantarmu ka fara, inda kwando ɗaya ya karkace, ɗayan kuma ba raga. Kana da shekara goma sha tara ƙungiyar gari ta ɗauke ka. Ka yi mata kakar wasa huɗu, kuka ci kofi sau biyu, sannan wani baƙo mai ƙaramin littafi a hannu ya zauna a kujerun 'yan kallo mako guda yana kallon ka. Daga nan sai jirgi. Shekara tara ka yi a waje, ƙasashe uku. Ta farko mai sanyi ce, inda ka ce rana takan fito kamar mai jin kunya. Ta biyu a bakin teku take. A ta uku kuma abin da zan faɗa ya faru. Masu sanin wasan sun ce ba cin maki ne babbar baiwarka ba, iya miƙa ƙwallo ne, wai kana ganin abokin wasanka ko da yana bayanka. Duk hutun da ka zo, jakarka ɗaya takalma ce zalla, manya-manya, kana bin dogayen samari da 'yan mata na filin makaranta kana gwada musu, domin ka san wahalar mai babbar ƙafa a kasuwa.

Amma mutum ɗaya da ya fi kowa son wasanka bai taɓa ganin ka a fili ba. Baba, mai gyaran agogo, idonsa ya rufe shekara biyu kafin ka shiga ƙungiya. Ya bar aiki, amma bai bar ɗakin aikin ba. Yana nan zaune a kujerarsa ta katako, agogon bango goma sha ɗaya kewaye da shi, kullum da safe ya bi su da lalube yana murɗa su, yana ba su wani. Da farko ya ce wasan naka shirme ne, ƙatti suna tsalle a kan ƙwallo ɗaya. Ranar da ka gaya masa cewa a wasan nan daƙiƙa uku ma dukiya ce, ana tsayar da agogo a yi shawara a kansu, sai ya gyara zama. Ya ce, "Ashe masu hankali ne suka ƙirƙiro shi."

Da ka tafi waje, kowace Lahadi bayan la'asar kakan bugo mini waya. Layin ba kyau, kai kuma ba gwanin labari ba ne, Allah Ya jiƙan ka. Jimla uku ce: mun ci, na sa maki kaza, a gaida Baba. Ni kuwa sai in ɗauki jimla ukun nan in shiga ɗakin agogo, in zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, in mayar da su wasa na awa guda. In gina masa zaure mai fitilu, in cika shi da mutane, in sa dusar ƙanƙara tana sauka a bayan tagogi. In ce ga ka nan ka taso daga tsakiyar fili, ƙasa tana ƙara a ƙarƙashin takalminka. Baba ya jingina kai da bango, agogunan suna ta bugawa, can ya ce, "Auta, saura daƙiƙa nawa?" A lokacin ƙari kawai nake yi, gishiri ne a kan gaskiya.

Sai shekarar da Mama ta rasu. Bayan wata uku da rasuwarta ka bugo ranar da ba Lahadi ba. Ka ce ka sauko daga tsalle ƙafarka ta gurɗe, jijiyar gwiwa ta tsinke, za a yi maka aiki, kuma ba a san ko za ka sake wasa ba. Sannan ka ce, "Rediyo, don Allah kada Baba ya ji. Bai gama da na Mama ba. Ki ci gaba da ba shi labari, ni zan gaya masa da bakina idan na dawo." Na ce to. Wallahi ban yi gardama ba ko sau ɗaya.

Wata goma sha huɗu ina buga maka wasa da baki. Babu sauran jimla uku da zan ɗora a kai, komai daga kaina yake fitowa. Na ƙirƙiro ƙungiyoyi, na ba su launin riguna. Na ƙirƙiro alƙalin wasa mai son kai, wanda Baba ya tsana har yana tambayar ko shi ne zai busa na mako mai zuwa. Wani lokaci nakan sa ku faɗi don abin ya yi kama da gaskiya. Kuma zan faɗi abin da ban taɓa faɗa maka ba: daɗin abin nake ji. A cikin ɗakin nan ba ka da ciwo. Kana tashi sama ka daɗe ba ka sauko ba, ni da Baba muna ƙasa muna jiran ka.

A cikinsu akwai wanda Baba ya sa wa suna wasan daƙiƙa uku. An fi ku da maki biyu, saura daƙiƙa uku, aka miƙo maka ƙwallo kana nesa da kwando, mutum biyu sun tare ka. Ka juya, ka sake ta. Na bar ƙwallon nan a sama ta yi kusan minti biyar, ina faɗa masa yadda zauren ya yi tsit, yadda wata tsohuwa ta rufe fuska da gyale, yadda fitilu suke sheƙi a jikin ƙwallon tana juyawa a hankali. Baba ya ɗaga hannu biyu yana cewa, "Ya Allah, Ya Allah." Da na ce ta shiga, sai ya fashe da kuka. Tun rasuwar Mama bai yi kuka ba sai ranar. A wannan makon kuwa, kai kana koyon taka bene da sanduna.

Ka dawo gida da ƙafarka, ba ɗingishi, sai dai tsallen ya tafi. Tun a mota daga filin jirgi ka ce in yi maka bitar wasanninka, kada Baba ya yi tambaya ka kasa amsawa. Ina faɗa kana riƙe ciki. "Maki arba'in? Haba Rediyo, ko a mafarki ban taɓa cin arba'in ba! Ki ji tsoron Allah." Da muka shiga, Baba ya laluba fuskarka, abin da ya fara tambaya shi ne me ka ji a ranka lokacin da ƙwallon take sama. Ka dube ni, na dubi ƙasa. Ka ce, "Baba, addu'arka na ji."

Ka ce za ka gaya masa bayan ka huta. Sannan ka koma tsohuwar ƙungiyarka, ka yi mata kaka uku kana raba ƙwallo ga matasa masu ƙafa, ka ce sai an gama kaka. Sannan aure, sannan haihuwa, sannan aka ba ka horar da ƙungiyar. Duk lokacin da na tuna maka sai ka ce, "Bari dai, Rediyo, ba yau ba." Wani lokaci idan gwiwar ta dame ka, kakan zo gidana da yamma ka miƙe ƙafa a kan tabarma, ka rufe ido, ka ce in buga maka ɗaya daga cikin waɗancan. Ina yi kana murmushi. Ina jin kai ma ka fara zama a cikinsu.

Yanzu ka tafi ka bar ni da shi ni kaɗai. Kwana uku ana zuwa gaisuwa, duk wanda ya zauna gaban Baba sai ya ba shi labarin wasan daƙiƙa uku, da tsohuwa mai gyale da komai, bai manta ko kalma ɗaya ba. Tsofaffin abokan wasanka, waɗanda suka san shekarar da ka yi jinya, suna satar kallon juna suna cewa, "Haka ne, Baba." Da ya ji zan yi rubutu a kanka sai ya ce, "Ki sa wasan nan a ciki, Auta, kuma ki karanta mini kafin kowa ya gani." Na rasa inda zan sa kaina. In na rubuta shi a matsayin gaskiya, na yi maka shaidar ƙarya kana kabari. In na faɗi gaskiya, na ƙwace wa tsoho makaho abu mafi kyau da ya rage masa na ɗansa.

Jiya da hantsi na shiga ɗakin agogo, na zauna a inda na saba, na karanta masa tun daga farko har zuwa nan. Muryar da ba ta taɓa rawa ba a wata goma sha huɗu na ƙarya, jiya ta yi rawa. Da na gama sai ya juyo da fuskarsa wajena.

"Har da na daƙiƙa ukun?"

"Har da shi, Baba."

Na zaci zai yi faɗa a kan ƙaryar. Ba ita ce ta dame shi ba. Ya ce, "Wata goma sha huɗu ina tashi ina roƙon Allah Ya sa ƙwallo ta shiga, ashe ɗana yana kwance a ƙasar da ba shi da kowa. Kun bar ni ina addu'ar da ba ita yake bukata ba. Ido na rasa, Auta, ban rasa bakin roƙo ba." Sannan ya tambayi wace gwiwa ce. Na ce ta hagu. Ya ɗora tafin hannunsa a kan tasa gwiwar ta hagu, ya bar shi a nan.

Can ya ce, "To, ba ni labarin ɗakin asibitin. Akwai taga? Wa yake kawo masa ruwa?"

Yaya, na buɗe baki, kuma labarin ya taso kamar yadda ya saba. Na ga farin labule, na ga wata ma'aikaciya mai kirki, har sunanta ya zo mini. Na haɗiye shi. Na ce, "Ban sani ba, Baba. Ban taɓa tambayar sa ba." Shekara tara muna tare bayan dawowarka, na ba ka wasanni sittin da ba ka buga ba, amma ban zauna sau ɗaya na ce ka gaya mini yadda ka yi wata goma sha huɗun nan kai kaɗai ba. Wannan ne zan yi ta kuka a kai.

Baba bai ce ya yafe ba tukuna, ni ma ban matsa masa ba. Ya dai ce in ɗaga hannu, za mu yi maka wadda ya kamata a yi tun tuni, ko da ta makara.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka gafarta masa, Ka yafe masa abin da ya ɓoye don tausayin mahaifinsa, Ka yafe mini rabona a ciki. Ka sa duk raɗaɗin da ya sha shi kaɗai ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka shi, Ka haɗa shi da Mama a gidan Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, wadda ta riƙe shi da amana, da 'ya'yansa mata biyu, Allah Ya raya su Ya yi musu albarka. Da 'yan wasansa da abokan aikinsa na gida da na waje. Da mutanen layinmu baki ɗaya. Ga Baba kuma, wanda a 'yan kwanakin nan ya yi rashin ɗansa kuma ya ji ciwonsa a makare, Allah Ya ba shi haƙurin da ya fi namu, Ya sanyaya zuciyarsa a kanmu. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.