Haƙorin Makkan da aka sa wa mahaifiyata a Wudil

A shekarun da kuɗin fetur suka shigo ƙasar nan, ni direban motar siminti ne, ga ƙuruciya ga abin hannu. Abin da na fara yi shi ne biya wa mahaifiyata kujerar Makka. Ta sauke farali ta dawo garinmu Utai lafiya, sai dai ba ta sa haƙorin Makka ba, ta ce cunkoso ne ya hana ta. Matan unguwa suka sa ta gaba da zolaya, wai anya Hajiya ba a Kano ta tsaya ba, in da gaske ne ta buɗe baki su gani. Takan yi dariya, amma na lura abin yana cin ta.

Ranar Juma'a, ranar kasuwar Wudil, na kai ta rumfar wani dattijo mai sa haƙorin zinariya. Ina tsaye yana goge haƙorin wani mutum da magagari har dasashinsa ya yi jini. Da ya gama, sai ya tsoma magagarin cikin kwanon ruwan da ya riga ya yi jaja-jaja, ya share shi da bakin rigarsa, ya ce Hajiya ta matso. Na so in ce a tafasa kayan tukuna, amma dattijon sa'an mahaifina ne, ita kuma har ta zauna. Ina kallo ya goge nata haƙorin da magagarin nan, ya sa mata zinariyar.

Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta kira, balle ta kawo mini kukan ciwo. Bayan sa haƙorin, duk zuwan da na yi sai ta ja mayafi ta rufe kumatu, ta ce lafiya lau, in je in ci abinci. Ƙanwata ce ta tare ni a zaure tana hawaye, ta ce Inna ko koko ba ta iya haɗiyewa, gashin ruwan zafi kawai ake yi mata, kuma ta hana a gaya mini. Da na shiga na roƙe ta ta sauke mayafin, sai ga kumburi ya gangaro har wuya, jikinta zafi rau. A hanyar Kano numfashinta ya fara sarƙewa, ina tuƙi ina jin sa a bayana. A asibiti aka ɗauki hoton muƙamuƙinta. Likita ya ce cuta ta shiga ta raunin dasashi, mugunya ta taru tana danne maƙogwaro, ya tambaye ni me ya sa sai yanzu. An yi mata aiki, amma ba ta tashi ba. Allah ya jiƙanta.

Na yarda kwananta ne ya ƙare. Amma na ga kwanon nan da idona. Jama'a, duk ƙarfen da zai shiga bakinku ko bakin naku, ku tambaya ko an tafasa shi, ko da mai aikin ya haife ku. In baki ya kumbura, a tafi asibiti. Kuma in iyayenku masu kunya ne, kada ku tsaya ga lafiya lau ɗin da suka ce, ku duba da kanku.